Tambaya da Amsa: Me zai hana kasuwanninmu da unguwanninmu ci gaba da ƙonewa?

Hunturu ya kankama, kuma kamar kowace shekara, wasiƙun gobara ne suka fi yawa a gabana. Na zaɓi huɗu. Ta farkon za ta fi cin wuri, domin sauran duk a kanta suka jingina.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa nake sayarwa. Tun ina yaron shago abu ɗaya nake gani: wuta ta tashi a wata kasuwa, manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin sababbin motocin kashe gobara, bayan wata biyu kowa ya kama gabansa. Wasu abokaina suna cewa ƙaddara ce, a bar maganar. Kai da ka yi aikin kwana-kwana har ka yi ritaya, me gari kamar Kano zai yi wanda zai ɗore? Mota nawa za ta ishe mu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare mana dukiya da rayuka.

Bari in fara da maganar abokanka. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma ya zo a Bukhari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Annabi (SAW) labari sai ya ce wannan wuta abokiyar gabarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Ka ga bayan musiba ta auku, abin da ya biyo baya umarni ne na a gyara hali. Don haka wanda ya ce a yi shiri bai fita daga tawakkali ba.

Yanzu ka duba waɗannan da kyau. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a watan Maris na 1982. Ta Taminus a Jos, Fabrairun 2002. Kasuwar Singa a nan Kano, Fabrairun 2016, sannan wata guda bayan haka ta Sabon Gari, inda hukumomi suka ƙidaya shaguna kusan 3,800 da suka salwanta. Babbar kasuwar Sakkwato, Janairun 2021. Ta Katsina, Maris na shekarar. Kasuwar Monday ta Maiduguri, Fabrairun 2023. Duk tsakanin Janairu ne da Maris, lokacin da iska ta bushe, katako da leda da yadi suka yi ƙayau, kuma da yawansu cikin dare ko da sassafe suka tashi, kafin masu shaguna su fito. Abin da ke zuwa a sanannen lokaci, a sanannen wuri, ta sanannun hanyoyi, ana iya yi masa tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka tambayi yawan motoci. Na fahimci dalili, domin mota ita ce abin da ido ke gani, ita ake jerawa a ɗauki hoto. To amma mota tana da amfani ne idan abu uku sun haɗu: ta iso da wuri, ta sami hanyar shiga, ta sami ruwan da zai ishe ta. Ko ɗaya daga cikin ukun ba a samar da shi ranar gobara. Shekaru kafin nan ake yanke hukuncinsu, a ofishin masu tsara gari, da hukumar ruwa, da wajen masu rubuta kasafin kuɗi.

Lokaci tukuna. Shagon da ke cike da katifun soso ko dilar yadin roba, wuta na iya game shi cikin minti biyar ko ƙasa da haka. Zafi yana taruwa a ƙarƙashin rufi, sai ka ga komai na ciki ya kama a lokaci guda, daga nan kuma maganar ceton wannan shago ta ƙare, sai dai a tare wa maƙwabta. Shi ya sa a Amurka ƙungiyar NFPA, wadda ke tsara ƙa'idojin aikin kashe gobara, ta sa wa manyan garuruwa ma'aunin cewa motar farko kada ta wuce minti 4 a hanya, a cikin kira tara daga kowane goma. Masu auna haɗari na kamfanonin inshorarsu kuma sun daɗe suna lissafi da cewa gini ya kasance cikin kimanin kilomita biyu da rabi daga ofishin kwana-kwana. Ban ce gobe za mu kai wannan ba. Amma ka ɗauki taswirar Kano, ka zana da'irar kilomita uku a kewayen kowane ofishin kwana-kwana mai motar da ke tashi, ka ga inda ya rage babu zane. Nan ne amsar tambayarka take.

An taɓa yi wa Kano tsari mai dogon zango, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta, na shekara ashirin daga 1963 zuwa 1983. Garin da aka yi wa wancan tsari ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da na yau, wanda ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, yana kuma ci gaba da cin gonaki. Unguwanni da yawa awon igiya ne: mai gona ya yanka filaye, ya bar 'yar siririyar hanya, ya sayar. Ba a ware filin asibiti ba, balle na kwana-kwana. Idan gidaje suka cika, gwamnati ta farga tana son ofishi a wurin, sai ta biya diyya mai tsada ko ta haƙura, kuma yawanci haƙurin ake yi. Don haka mataki na farko a tsarin shekara goma ko ashirin shi ne a duba inda gari ya nufa, a killace fili tun yana gona. Ni a ganina ƙananan ofisoshi masu mota ɗaya da ma'aikata masu kwana, a warwatse cikin unguwanni, sun fi katafariyar hedkwata guda amfani.

Sai hanya. Motar kashe gobara faɗinta ya kai mita biyu da rabi, idan ta ɗauki ruwa nauyinta ya haura tan goma. Tana bukatar layin da bai gaza mita huɗu ba, da wurin juyawa, da kwalbatin da zai ɗauke ta. Kasuwanninmu da yawa an gina su da irin waɗannan layuka. Daga baya ne aka riƙa kafa tebur a bakin shago, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama kwantena, har layin ya koma na mai baro. Na tsaya a ƙofar wata kasuwa cikin dare, mota na ruri, ƙofar na garƙame da sarƙa, mai riƙe da makulli ya tafi gida. Muka yanke sarƙar, muka shiga, ba mu yi nisa ba rumfunan kwano suka tare mu. Dole muka sauka muka riƙa haɗa mesa da mesa muna ja cikin duhu, muna tuntuɓe da tebura, kuma duk mesar da ka ƙara ƙarfin ruwa raguwa yake yi. Muna jin kwanon rufi yana ƙara yana lanƙwashewa a gabanmu. Masu shaguna suna kuka suna cewa mu yi sauri, wasunsu kuwa rumfunansu ne suka tare mu. Ban faɗi haka don in zarge su ba. Kowa abinci yake nema, kuma akwai wanda ya karɓi kuɗi ya ba su wurin. Amma layin da aka sayar yau, shi ne shaguna ɗari da za a rasa wata rana.

Ruwa kuma lissafinsa a fili yake. Mu ce mota ta ɗauko lita 4,000, mesa ɗaya tana fitar da lita 500 a minti. Minti takwas ke nan. Gobarar kasuwa kuwa tana iya kwana ta wuni, musamman inda akwai dilolin yadi, waɗanda ke ci ta ciki ko da an jiƙa bayansu. A garuruwan da suka yi nisa, ruwan mota na somin-taɓi ne kawai kafin a jona mesa da famfon gobara na bakin titi. Shi kuwa famfon gobara ba ya aiki sai bututun da ke ƙarƙashinsa na da ruwa mai ƙarfi dare da rana, wanda ke nufin maganar kashe gobara a Kano tana haɗe da maganar matatun ruwa na Challawa da Tamburawa. Kafin a kai ga haka akwai abin da ya fi sauƙi: kowace babbar kasuwa ta sami tankin ƙasa nata, da rijiyar burtsatse mai cika shi, da bakin da ya dace da mesar 'yan kwana-kwana. Tanki mai lita 100,000 zai riƙe mesa ɗaya fiye da awa uku. Kuma kada a yarda a mai da shi na alwala da wanki har ya ƙafe. A da kududdufan cikin gari suna taimakawa a irin wannan rana; an cike da yawansu an yi gini, ba a kuma maye gurbinsu da komai ba. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Akwai kuma abin da ba a so a yi maganarsa saboda ba a yanka kirtani a kansa: man dizal, taya, batir, makaniki, sinadarin kumfa na kashe wutar fetur, tukunyar iska ta numfashi, rigar da ke jure zafi, horo, da albashin da zai riƙe ma'aikaci. Mota tana yin shekara 15 zuwa 20 idan ana kula da ita. Idan ba a kula ba, shekara uku ta isa ka gan ta a kan duwatsu a bayan ofis. Tsari na gaskiya takarda ce da ta ce a shekara kaza za a buɗe ofishi a wuri kaza, a shekara kaza za a sauya mota kaza, ga kuɗin gudanarwa na kowace shekara, ga wanda za a tuhuma idan ba a yi ba. Kuma majalisar dokoki ta mai da shi doka, don kada sabuwar gwamnati ta zo ta jefa shi kwandon shara saboda ba ita ta fara ba.

Wasu sun bi ta wannan hanya. A 1666 wuta ta tashi daga wani gidan burodi a Landan, ta cinye gidaje sama da 13,000. Dokar sake gina birnin da aka yi a 1667 ta wajabta gini da bulo ko dutse, aka kuma faɗaɗa wasu tituna. A zamaninmu, tun wajen 2004 aka ɗora wa kowace hukumar kashe gobara a Ingila ta rubuta tsarinta bisa haɗarin da ke yankinta, ta bayyana shi ga jama'a, ta kuma riƙa sabunta shi. Ma'aikatansu suna shiga gidajen tsofaffi da masu rauni suna saka na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Abin koyi a nan shi ne sun mai da rabin aikin kwana-kwana ya zama na kafin gobara.

Alhaji, kada ka ce duk wannan na gwamnati ne. Ƙungiyar kasuwa da ke iya tara kuɗin gadi da na shara duk mako tana da ƙarfin da ya wuce yadda take nunawa. Za ta iya sa a yi makunni guda na kowane layi, wanda za a kashe wutar lantarki gaba ɗaya idan an tashi kasuwa, domin wuta da yawa na tashi ne idan an dawo da lantarki cikin dare ya tarar da hita ko dutsen guga a jone, ko wayar da aka yi wa jonin gangan. Za ta iya tattara janaretoci a wuri ɗaya a wajen layuka, ta hana ajiye jarkar fetur a shago. Yanzu ga batiran sola sun shigo, da yawa kuma wanda ya haɗa su bai san aikin ba. Su ma a sa ido. Za ta iya horar da masu gadi, ta ba su tukwanen kashe wuta, su san cewa tukunyar hoda ba ta cika wuce daƙiƙa 20 tana fesawa ba, don haka gindin wuta ake nufa, tun tana ƙarama. Makullin kowace ƙofa ya kwana a hannun wanda ke cikin kasuwa. Idan za a yi sabon gini, a tada bangon bulo da ya zarce rufi tsakanin rukunin shaguna, domin ta cikin silin wuta ke gudu daga shago zuwa shago. Sannan ku zauna da malamai da masu takaful a kan inshorar da ta dace da shari'a. Kasuwar Yamai sai 1987 aka sake buɗe ta, ta Jos kuwa an shafe fiye da shekara ashirin ba ta dawo yadda take ba. Ɗan kasuwar da jarinsa ya ƙone ba zai iya jiran wannan ba.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni matashi ne daga Gusau. Gaskiya mu haushin 'yan kwana-kwana muke ji. Ba sa zuwa sai wuta ta gama ci, in sun zo kuma su ce ba ruwa. Me ya sa?

AMSA: Ɗana, haushinka na da dalili, wanda gidansu ke ci ba ya sauraron uzuri. Akwai sakaci a wasu wurare, ba zan kare shi ba: motar da ke bakin aiki dole ta kwana cike da ruwa da mai. Amma sau da yawa abin da mutane ke kira zuwa ba ruwa, ruwan ne ya ƙare cikin 'yan mintuna kamar yadda na lissafa a sama, motar ta juya neman wani. Wani lokacin kuma suna jiran a yanke lantarki ne, domin ruwa a kan waya mai rai kisa ne ga mai riƙe da mesa. Jinkirin ma wani ɓangarensa daga wajenmu yake: a tsaya ana fama da bokiti sai abu ya gagara sannan a kira, ko kowa ya ɗauka wani ya kira, ko taron 'yan kallo ya toshe hanya. Ka fara kira, sannan ka ɗauki bokiti. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, amma ka nemi lambar ofishin da ya fi kusa da ku ka ajiye a waya. Ina roƙonka da abokanka, kada ku jefi mota. Gilashin da aka fasa yau, wata unguwa ce za ta rasa mota gobe. Ku kai ƙorafinku a rubuce wajen ɗan majalisarku, ku tambaye shi nawa aka ware wa hukumar a kasafin bana, nawa kuma aka saki.

TAMBAYA: Ni mai unguwa ne a wata sabuwar unguwa a gefen Kumbotso. A wani taro an ce kowace unguwa ta tantance haɗarin gobarar da ke cikinta. Ba mu da kuɗi, ba mu da injiniya. Ta ina za mu fara?

AMSA: Ranka ya daɗe, wannan wasiƙa ta faranta mini rai, domin aikin da kake tambaya a kai shi ne harsashin duk wani tsari, kuma littafin rubutu da biro da ƙafa sun isa a fara shi.

Ka tara mutane kaɗan: limami, shugaban matasa, mai gyaran wuta da aka yarda da shi, ɗan sintiri, malamin makaranta mai iya zane, da mata biyu ko uku. Kada a bar mata a baya. Su ke cikin gida da rana, su suka san gidan da ake girki da gas a ɗakin kwana, da wanda ake barin yara a kulle a tafi unguwa. Ka aika wa ofishin kwana-kwana mafi kusa takarda su turo jami'i ya raka ku. A sanina suna murna da irin wannan gayyata.

Ku zana unguwar a babbar takarda, ku bi ta lungu-lungu. A kowane wuri tambaya uku ce. Me zai iya kamawa a nan? Wa zai cutu? Ta ina taimako zai shigo? Ku sa alama a kan mai sayar da gas, 'yan bumburutu da jarkokinsu, gidan burodi, injin niƙa, masu walda, 'yan katako, wurin ajiye katifa ko auduga ko kara, taransifoma da wayoyin da suka yi ƙasa-ƙasa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya bi kwata, shi ya sa shagon cika tukunya kusa da mai shayi ko mai suya abin tsoro ne. Sannan ku sa wata alamar daban a inda mutane ke taruwa ko kwana da yawa: makarantar allo, Islamiyya, gidan haya mai ƙofa ɗaya, asibitin unguwa, da gidajen da ke da tsoho ko makaho ko gurgu wanda ba zai iya fita da kansa ba.

Ku zauna da dattawa su tuno duk gobarar da aka yi a 'yan shekarun nan: wane wata, wane lokaci, me ya jawo ta. Za ku ga abin yana maimaita kansa. A unguwanni irin taku yawanci kaskon garwashi ne a ɗaki lokacin sanyi, da maganin sauro na kunnawa kusa da katifa, da kyandir, da hitar dafa ruwa da aka manta a bokiti.

Daga nan sai ku auna. Kowane abu ku tambayi yawan yiwuwar faruwarsa, da kuma girman ɓarnar idan ya faru. Wutar bola tana yawan tashi, amma ɓarnarta kaɗan ce. Ɗakin da almajirai hamsin ke kwana mai ƙofa ɗaya zai iya shekara ashirin lafiya, amma dare ɗaya ya isa. Irin wannan na biyun shi ke hawa saman jeri, ko da bai taɓa faruwa ba. Idan babbar hanyar tankokin mai ta ratsa kusa da ku, ita ma ta shiga sama. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu bayan tankar fetur ta faɗi jama'a suka taru kwasar mai, ya isa a riƙa faɗakarwa a masallaci tun kafin wata ta faɗi.

Ku auna faɗin hanyoyinku da igiya, ku san wacce mota za ta iya bi, ku hana a ƙara cin ta da dakali ko soka-awe. Ku rubuta duk inda ruwa yake: burtsatse mai babban tanki, gidan buga bulo, gidan ruwan leda, kududdufi, ku nemi izinin masu su tun yanzu, da lambar wanda za a tasa cikin dare. Ku tsai da wuri ɗaya sananne a bakin titi inda yaro mai babur zai tari motar kwana-kwana ya ja ta zuwa gidan. Mintuna masu yawa suna salwanta wajen neman "bayan gidan Alhaji wane". A nan kuna da haƙƙi a kan ƙaramar hukuma: tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, haka kuma kula da kasuwanni da tashoshin mota. Ku nema a rubuce ta hannun kansila da dagaci.

Ku yi kwafi uku, ɗaya wajenka, ɗaya ofishin kwana-kwana, ɗaya ƙaramar hukuma. Ku zaɓi abu biyu ko uku da za ku gyara bana da ƙarfinku, kada ku ɗauko duka ku gaji. Kowace shekara idan an gama kaka, kafin sanyi ya shigo, ku sake zagayawa, domin unguwa irin taku kullum canzawa take. Ranar da unguwanni ɗari suka kai irin wannan takarda, mai tsara gari ya sami abin da zai dogara da shi wajen cewa ga inda ofishi na gaba zai zauna.

TAMBAYA: Baba, ni malama ce a wata makaranta a Maraɗi, muna da ƙananan yara da yawa, wasu azuzuwanmu na zana ne. Tun abin da ya faru a garinmu hankalina bai kwanta ba. Me zan iya yi ni da ba ni da iko a kan gini?

AMSA: Malama, Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri. Ga masu karatun da ba su sani ba: a watan Afrilun 2021 yara kusan 20 suka rasu a wata makaranta a Yamai da azuzuwan zana suka kama, a watan Nuwamban shekarar kuma fiye da 20 suka rasu a Maraɗi ta irin wannan hanya, har gwamnatin Nijar ta hana sanya 'yan makarantar share fagen shiga firamare a azuzuwan zana. Mu ma a Najeriya, a Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙaura Namoda.

Maganin dindindin gini ne, kuma wannan aikin magajin gari da ma'aikatar ilimi ne, su sa shi a tsarinsu shekara bayan shekara har azuzuwan zana su ƙare. Ku matsa musu ta hannun ƙungiyar iyayen yara. Amma akwai abin da ke hannunki tun gobe. Ajin zana yana ƙonewa ƙurmus cikin ɗan lokaci ƙalilan, don haka kada ki sa ran kashe shi. Fitar da yara shi ne aikin gaba ɗaya. Kowane aji ya sami mafita biyu a ɓangarori daban-daban, ko da yanka zanar za a yi. Kada a jera rumfunan a manne, a bar tazara mai kyau, a share ciyawa da shara a tsakaninsu. Mafi ƙanƙantar yara su ne za a ba ajin bulo idan akwai, ko wanda ya fi kusa da fili. Masu tuya da masu sayar da abinci su matsa nesa, ta ɓangaren da iska ba za ta kwaso tartsatsi zuwa azuzuwa ba. Ƙofar makaranta kada ta kasance a kulle da kwaɗo yara na ciki.

Sannan ki koya musu fita. Ki sami ƙararrawa ko usur mai sauti na daban, ki nuna musu bishiya ko wani wuri a fili inda kowane aji zai taru. Yaro ɗan shekara biyar idan ya tsorata ɓuya yake yi a ƙarƙashin benci ko ya koma ɗaukar takalminsa, saboda haka sai an maimaita har ƙafarsa ta saba: a tashi, a bar komai, a riƙe hannun na kusa, a fita. Ku yi haka sau ɗaya a wata, wani lokacin ba tare da sanarwa ba. Malama ita ce ta ƙarshen fita, da rajista a hannunta, ta kira suna a wurin taruwa. Ki koya musu idan riga ta kama kada su ruga, su kwanta su yi birgima, idan kuma hayaƙi ya cika su sunkuya ƙasa, domin hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar 18 ce. Ki rubuta ta da manyan baƙi a inda kowane malami zai gani.

Ga alarammomi masu tsangaya da ke karanta wannan shafi, duk abin da na faɗa ya shafe ku, da ƙari guda: kada a kulle ɗakin kwanan almajirai ta waje, kuma babba ɗaya ya kwana kusa da ƙofa, ya tabbatar an kashe wutar karatun dare da ruwa ko ƙasa kafin kowa ya kwanta.